Fijon Baba ta sauka daga kan duwatsu

  Tun da muka ambata a fitowar baya, cikin layi biyu kacal, cewa mun tayar da tsohuwar motar mahaifinmu, wasiƙu suka yi ta shigowa fiye da yadda muka saba gani. Wani ya rubuto daga Maraɗi, wani daga Lome, wata baiwar Allah kuma daga Wagadugu ta ce akwai irinta a ƙofar gidansu, kaji na ƙwai a ciki. Tambayar kusan ɗaya ce: shin kwalliya ta biya kuɗin sabulu, kuma magidancin da bai taɓa koyon kanikanci ba zai iya? Amsar da muke da ita ita ce abin da ya faru a ƙofar gidanmu a Savelugu, garin da ke kan babbar hanyar Tamale zuwa Bolgatanga, a arewacin Ghana.

Motar dai Peugeot 504 ce, wadda kowa ya sani da Fijo, amma doguwar nan mai ƙofa ta biyar a baya. A tashoshin Nijeriya wagon ake ce mata, a Nijar familiyal, mu kuma a nan karaban. A 1968 kamfanin ya fitar da 504 a Faransa, doguwar ta biyo baya a 1971, tana da jeri uku na kujeru, na mutum bakwai. Turai ta daina ƙera ta a 1983, amma masana'antar Kaduna, wadda aka buɗe a 1975, ta ci gaba da harhaɗa ta har tsakiyar shekarun 2000. A shekarun farko ma ta jirgin sama ake kwaso sassanta daga Lyon zuwa Kano, sannan a kai Kaduna. Tamu haɗin Kaduna ce. Baba, Allah ya jiƙansa, ya saye ta na hannu a 1994, ya shigo da ita ta wajen Bawku, ya yi shekara ashirin da biyar yana hawanta. Ita ta kai amaren gidanmu biyu ɗakunansu, ɗaya Yendi ɗaya Bawku, ita ce kuma ke kai Inna Salaga wurin danginta duk bayan sallar layya. Da ya rasu a 2019 sai aka tura ta ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida, aka ɗora ta kan duwatsu. Kowa yana jin nauyin ya ce a sayar, ba kuma wanda ya ce a gyara. Damina huɗu ta yi a wurin.

Kafin mu ɗauki sifana sai da muka warware wata magana wadda masu wasiƙu ba su tambaya ba, alhali ita ce farko. Motar gado ce. An raba gona, an raba gida, an bar ta don ba ta rabuwa. Inna tana da tumuninta a ciki, mu maza uku da 'yan uwanmu mata biyu kowa da rabonsa. Da mun zuba kuɗi a kanta haka nan, da ranar da ta tashi ita ce ranar da rigima za ta tashi, domin ba wanda zai iya bambance kuɗin gyara da kuɗin gado. Saboda haka muka kira kanikawa biyu, kowanne ya yi mata kuɗi shi kaɗai, muka ɗauki tsakiya, aka rubuta a gaban limamin unguwa. Ta Yendi ta karɓi nata. Ta Bawku kuwa ta bugo waya ta ce, "Yaya, ni ku bar nawa a ciki. Sharaɗina ɗaya ne, in ta tashi ku kawo mini Inna." Wannan sharaɗi shi ne ya hana mu ajiye aikin a lokutan da muka gaji. Inna ta manyanta, gwiwoyinta ba sa jure matsin motar haya, balle babur mai ƙafa uku, kuma rabonta da ganin ƙaninta na Salaga tun ranar sadakar arba'in ɗin Baba.

Mun soma bayan girbin 2023, da iskar hunturu ta fara kaɗawa. Abin da ya fi kowane abu amfani a aikin nan shi ne wani tsohon bakanike, wanda a nan muke kira fita, da ya yi shekaru yana gyaran Fijo a Tamale kafin idonsa ya raunana ya dawo gida. Muka daidaita da shi zai riƙa zuwa Asabar da Lahadi, ya zauna kan benci ya ba da umarni, mu da yaranmu mu yi aikin hannu. Ranar farko yaran suka tarbe shi da maganar fenti, wannan yana son fari, wancan yana son shuɗi. Bai tanka musu ba. Ya karɓi sukudireba ya tsuguna yana tsokanar ƙasan motar, har sukudireban ya nutse a wuri uku. Sannan ya ce da babban ɗanmu, "Yaro, fenti shi ne na ƙarshe. Mota sai ta iya tsayawa tukuna ake koya mata tafiya, sai ta iya tafiya ake yi mata ado."

A nan muka fahimci abin da da yawanmu ba mu sani ba. Wannan mota ba ta da shasi daban irin na babbar mota, wanda ake ɗora bodi a kai. Bodin kansa shi ne ƙashin bayanta. In tsatsa ta ci dakalin da ke ƙarƙashin ƙofofi, ko wurin da sifirin yake zaune, to ƙarfin motar ne ya tafi, ko da kuwa injin yana kuka kamar sabo. Ganyen dalbejiya ya toshe magudanan ruwan da ke gindin gilashin gaba, ruwan damina huɗu ya kwanta a daɓen. Mun cire kujeru da shimfiɗa duka, muka kankare, muka yi wa kowane rami alama da alli. Walda kam ba aikin gida ba ce. Mai walda muka ɗauko, kuma tsohon ya ƙi yarda a kunna wuta sai da aka sauke tankin mai aka kai shi bayan gida, domin tankin da babu mai a ciki sai tururi ya fi cikakke saurin fashewa. Haka kuma ya sa muka kawar da duwatsun nan da bulon siminti, muka samo guntayen katako masu kauri da ƙafafun ƙarfe. Bulo yana rugujewa ba sallama, jak kuma aikinsa ɗagawa ne kawai. Duk wanda zai shiga ƙarƙashin mota a gida, muna roƙonsa ya riƙe wannan ko da ya manta sauran abin da muka rubuta.

Birki ya ci mana wata guda. Gaba faifai ne, baya ganga. Man birki yana shan danshi daga iska, shi ya sa ake son a sauya shi duk bayan shekara biyu, namu kuwa Allah kaɗai ya san shekarunsa. Bututan roba sun tsattsage, mun sauya su duka. A nan ne aka cuce mu karo na farko. Wani mai shago ya sayar mana da robobin famfon birki cikin kwali mai hoton zaki, da araha har muna murna. Kwana uku da sawa, feda ta nutse har ƙasa motar tana tsaye. Mun gode Allah da ta nutse a tsakar gida. Araha ba ta ado, daga ranar ba mu ƙara sayen wani abu na birki ko na sitiyari ba sai tsohon ya juya shi a hannunsa. Tayoyi ma sabbi muka saya, muka koyi karanta lambobi huɗun da ke gefen kowace taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Taya tana tsufa ko ba a taɓa hawanta ba.

Sauran kayan, wanda babu a Tamale, sai Kumasi. Duk mai tsohuwar mota a Ghana ƙarshensa Suame Magazine, unguwar kanikawa da maƙera da masu sayar da sassa wadda ta samo sunanta daga ma'ajiyar makamai ta zamanin Turawa. A can ana iya samun hannun ƙofar Fijo da aka ciro daga gawar wata, ana iya kuma sa a fafe maka ƙarfen da ya ɓace daga kasuwa. Ƙaninmu ya je sau biyu da jerin abubuwa a takarda da tsofaffin sassan a buhu don gwadawa. Kuɗin da muka ƙiyasta tun farko bai kai ko'ina ba. Tun bayan tsadar 2022, lokacin da hauhawar farashi a ƙasar nan ta haura kashi 50 cikin 100 a watan Disamba, kayan da ake shigowa da su daga waje ba su koma yadda muka san su ba. Mai niyyar irin wannan aiki ya ninka lissafinsa, sannan ya nemi yardar uwargida, domin daga kuɗin cefane ake fara jin zafin.

Sai inji, inda muka tafka kuskuren da har yau ake yi mana dariya a gida. Injin mai silinda huɗu ne, lita biyu, an kishingiɗar da shi gefe guda. Gangar jikinsa baƙin ƙarfe, kansa kuma alminiyam. Abin da ya bambanta shi da injunan da yaran yanzu suka sani shi ne, bututun da fistin yake kai da kawowa a ciki zura shi ake yi, ana kuma iya zare shi. Kanikawan ƙasashen Faransanci da sunan riga suke kiransa. Ruwan sanyaya inji yana zagaye shi kai tsaye, abin da kawai ya raba ruwan nan da baƙin mai shi ne wani siririn abin toshi a gindinsa, kan injin kuma shi ke danne shi. Wannan tsari alheri ne ga talaka, domin in inji ya tsufa sai a sauya riguna da fistin, ya koma kamar sabo. To amma in aka cire kan injin, dole a danne rigunan da wani abu kafin a taɓa komai. Tsohon ya faɗa mana haka ranar Lahadi. Ranar Talata da yamma, muna dawowa daga aiki, muka tarar da yaran sun taru suna son ganin yadda fistin ke hawa da sauka. Maimakon mu hana, sai mu da kanmu muka ɗauki sifana muka juya musu injin sau biyu. Kowa ya ji daɗi. Ba mu lura rigar ɗaya ta ɗan ɗaga ba.

Muka sa sabon gaskit, muka ɗaure, injin ya tashi, har maƙwabta suka fito. Washegari muka zaro sandar auna mai, sai ga shi fari-fari kamar kunun gyaɗa. Ruwa ya shiga. Da tsohon ya zo ya duba, bai yi faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi: "Wa ya juya?" Yaran suka sunkuyar da kai, suna jiran su ga ko za mu bar laifin a kansu. Muka ce mu ne. Ya ce, "To Alhaji, sai a sake." Sati uku da kuɗin gaskit na biyu, shi ne farashin wasan yamma ɗaya.

Game da ruwa akwai abin da ya kamata mutanen yankinmu su ji. Savelugu gari ne da ya sha wahalar ruwa. A nan ne tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya zo a 2007 ya ga yara da kurkunu, kuma sai a 2015 aka tabbatar cutar ta ƙare a Ghana. Mutanen da suka yi shekaru suna shan ruwan dam ba za su ga laifin zuba shi a lagireto ba, Baba ma haka ya yi ta yi. Laka da gishirin ruwan suka toshe rabin lagireton, suka kuma ciccinye hanyoyin ruwa a kan injin. Mun kai an wanke, yanzu ruwa mai tsabta da maganin hana tsatsa kawai muke zubawa. Fankar wannan mota an yi ta ne ta riƙa kamawa da kanta idan inji ya yi zafi, amma tun zamanin Baba aka ɗaure ta tana juyawa kullum, kamar yadda ake yi wa kusan kowace Fijo a ƙasar zafi. Mun bar ta haka. Wanda ya san Tamale a watan Maris ba zai zarge mu ba.

Duk wannan gyara ne, wato mayar da abu yadda yake. Inda muka sami saɓani na gaske shi ne sauye-sauye. Ƙaninmu, wanda ya fi kowa wahala a aikin, ya zo da shawara mai ma'ana. Ya ce kuɗi masu yawa sun nutse, ya kamata motar ta ciyar da kanta. A sa mata sifirin mai tauri, a yi mata babbar kariya ta ƙarfe a sama, a mayar da ita mai amfani da gas kamar yadda 'yan tasi da yawa suka yi, sai ta riƙa bin kasuwannin ƙasar Dagomba da ke ci bayan kwana shida-shida, tana ɗaukar masara da 'ya'yan kaɗanya da fasinja. Ya ce ai Fijo ce, Baba ma ya ɗora mata abin da ya fi haka. Ba mu da amsa nan take, domin gaskiya ne mun sha ganin Baba ya tashi da mutum goma da buhuna a sama.

Amsar tana ƙarƙashin kujerar baya. Lokacin da muka kankare wurin da sifirin na baya suke zaune, mun tarar da tsohuwar walda a kan wata tsohuwar walda, har hawa uku, da tsaga tana bin gefensu. Inna ce ta ba mu labarin. Wata shekara a hanyar Salaga, da kaya har sama, bayan motar ya zauna a kan taya, suka kwana a wani ƙauye, Baba kuma ya hana a faɗa wa yara. Ashe ƙarfin da ake yabon motar nan da shi, shi ne ya jawo mata zalunci. An yi ta da sifirin huɗu a baya, biyu kowane gefe, da tazarar mita 2.90 tsakanin tayoyin gaba da na baya, don ta ɗauki iyali da kayansu a mummunar hanya. Da mutane suka ga ba ta ƙorafi sai suka yi ta ƙari. Sifirin mai tauri yana hana mota durƙusawa, don haka yana ɓoye wa ido nauyin da ke kanta, amma birki yana nan yadda yake, bodin da ke riƙe da sifirin ɗin ma yana nan yadda yake, ga shekaru kusan arba'in a kansa. Kaya a sama kuwa su ne ke kifar da mota a kwana. Kakanninmu da suka yi fataucin goro tsakanin Kano da Salaga sun san iyakar mangalar da jaki zai kai Gwanja da ita ya dawo, madugu kuma yakan sa a rage tun kafin a bar zango. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Gas mun ƙi shi don dalili ɗaya: a doguwar mota babu but da aka raba da mazaunin mutane, tukunyar za ta zauna ne a bayan kan jikoki. Sauya inji da na Japan, wanda wasu suka ba mu shawara, shi ma mun bar shi, domin sandar da ke kai ƙarfi baya tana tafiya ne cikin wani bututu da ke haɗe da gadar baya, in aka taɓa giya sai an taɓa komai. Sannan ga doka. Lambar motar gida fara ce, ta haya rawaya, kuma inshorar motar gida ba ta san fasinjan da ya biya kuɗi ba. Ƙaninmu bai ji daɗi ba, ya yi sati biyu bai leƙo wurin aikin ba. Abin da ya daidaita mu shi ne, mun yarda a rubuta wahalarsa da tafiye-tafiyensa na Kumasi a matsayin kuɗi, rabonsa a motar ya ƙaru. Hakkinsa ne, da ma ya kamata mu fara faɗa kafin ya yi fushi.

Abin da muka ƙara kaɗan ne. Bel na ɗaure jiki a jerin tsakiya, wanda mai walda ya ƙarfafa wa mazauni. Farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji saboda duwatsu. Sabbin wayoyin wuta da fis, domin ɓeraye sun cinye na da, kuma wayar da aka ƙulla da leda ita ce ke cinna wa tsohuwar mota wuta. Tukunyar kashe gobara, da taya ta biyu ta ko-ta-kwana. Sai wani ɗan mataki na katako da ƙaramin ɗanmu ya ƙera da kansa don Inna ta riƙa takawa. Tsohuwar kariyar Baba mun sauke ta, tana bayan gida ana shanya kuɓewa a kai. Fenti ya zo a ƙarshe kamar yadda aka faɗa, kuma fari muka maimaita, launin da ke cikin takardunta, don sauya launi ko inji sai an sanar da hukumar lasisi ta DVLA. Mun kai ta gwajin lafiyar mota, mun sabunta inshora. 'Yan uwa da ke tsallaka iyaka kuma kada su manta da katin inshorar ECOWAS mai ruwan ƙasa, wanda a wajenku ake kira na CEDEAO.

Tafiyar farko Yendi muka yi, bayan ƙaramar sallar 2024, mu shida, ba mu wuce kilomita 80 a awa ba, muna tsayawa muna taɓa tayoyi muna leƙa ƙasa. Bayan sati biyu muka kai Inna Salaga. Ta zauna a gaba, inda ta saba zama, ba ta ce komai ba har muka wuce Tamale, sannan ta ce ƙarar ƙofar nan ba ta sauya ba. Kawu ya fito da sandarsa, ya zagaya motar sau ɗaya kafin ya gaisa da kowa.

Bawku ce ba mu je ba tukuna. Rikicin da ya sake tashi a can tun ƙarshen 2021 ya sa ita kanta mai sharaɗin take cewa mu dakata, duk lokacin da muka sa rana. Muna roƙon Allah ya zaunar da garin lafiya. Kafin nan akwai ɗigon mai da ke fita ta bayan giya, kamar cokali guda a sati, wanda tsohon ya ce mu sa masa ido zuwa bayan damina. Baiwar Allah ta Wagadugu kuma, ki sa a tsokani ƙasan taku da sukudireba, ki rubuto mana abin da aka gani. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Wassalam.